Ciki cike, haƙarƙari a waje: abin da ya sami garken Kawu a ƙasar Soba

A tsakiyar watan Maris na shekaran-bara Kawu ya buga mini waya tun ban karya kumallo ba. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya ce, "Kai da ka yi karatun dabbobi, ka zo ka duba mini shanun nan. Ko dai ciwo ne, ko kuma ana cutata." Na san wanda yake zargi, domin mutum ɗaya ne ke riƙe da garken, wani dattijon Bafulatani da dukanmu muke kira Baffa.

Kawu tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a shanu, farare irin Bunaji, kai ashirin da uku har da maruƙa, ya ajiye su a wata gona da ya saya a ƙasar Soba, ba nisa da kogin Galma. Shi yana zaune a Zariya, yana leƙawa duk sati biyu. Baffa da 'ya'yansa maza biyu ke kiwo, nono nasu ne, ga ɗan albashi a ƙarshen wata. A shekarun farko, da zarar an gama cin tattaka a gonaki sai su gangara kudu wajen Kachiya su ci rani, su dawo da ruwan farko. Da satar shanu da garkuwa da mutane suka yi ƙamari, Kawu ya ce ba inda za a sake kai masa dukiya. Ban ga laifinsa ba.

Dabarar da ya yi a madadin tafiya ita ce, ya kewaye kusan kadada biyar da waya, wurin da gamba ta yi kyau, ya hana a taɓa tun daga Agusta. Yana kiran wurin bankinsa. Ya sayi karan masara daga maƙwabta aka jibge masa tuli guda. Harawar wake da ta gyaɗa da ya samu a gonarsa kuwa, a Disamba wasu masu kiwon raguna suka zo daga Zariya suka yi mata farashi mai tsoka, ya sallama musu duka. A lissafinsa ya ci riba biyu: ga kuɗi a aljihu, ga ciyawa a tsaye ta fi mutum tsawo.

Abin da na tarar

Na isa mashekarin da hantsi. Daga nesa ba ka cewa shanun nan na jin yunwa, don kowace cikinta ya yi tulu. Sai ka matso ka ga haƙarƙari kana iya ƙirgawa, ƙashin ƙugu ya fito kamar an rataya riga a ƙusa, tozon bijimai ya zube ya kwanta gefe. Gashinsu ya yi burtsatse, babu sheƙi. Na duƙa na fasa kashin wata saniya da tsinke: ya bushe, ya yi ƙulu-ƙulu kamar na jaki, ga guntayen kara a ciki da ba su narke ba. Wata karsana na gefe tana gurgurar tsohon ƙashi, ta ƙi saki ko da yaro ya kai mata sanda. Baffa ya ce kwana uku da suka wuce ya zaro leda daga bakin wata. Ya ƙara da cewa maruƙa biyu sun fara karo da turke idan magariba ta yi.

A cikin bukka na ga kwali cike da kwalaben magani: na tsutsa, na sammore, na ƙarin jini, allurai kala-kala. Duk Kawu ya saya a kasuwa bisa shawarar masu shago, an yi wa shanun har zagaye biyu. Na ɗebi jini da kashi na wasu shanu shida na kai ɗakin gwaji a Zariya. Tsutsa kaɗan ce, wadda ba ta kai ta ramar da dabba haka ba. Sammore babu.

Kafin in tafi na ja Baffa gefe na ce, "Baffa, kai me ka gani?"

Ya ciro karan gamba ɗaya daga bankin, ya karya shi ya yi ƙaras, ya miƙo mini. "Malam, tauna ka ji. Wannan zana ce. Na gaya wa Alhaji tun kaka, ya ce ai ciyawa ciyawa ce."

Na tauna. Babu komai a ciki sai ƙura da tauri.

Inda daɗin ciyawar ya tafi

A wannan yanki ruwan sama yana kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma kusan duka yana sauka ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba. Ciyawa tana bin wannan zango, amma kyanta ba ya tafiya tare da yawanta. A nan mutane da yawa ke ruɗewa.

A Yuni da Yuli, gamba da kyasuwa da harƙiya suna da ɗanyen ganye mai laushi. Idan aka busar aka auna, furotin, wato sinadarin gina jiki, yakan wuce kashi 10 cikin 100. Daga Agusta ciyawa na ƙara tsayi, kara na ƙaruwa fiye da ganye, jikin karan kuma yana tara wani tauri irin na itace wanda tumbin saniya ba ya iya narkarwa. Da ta yi ciki ta fid da kai, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, shi ke nan an juya. Kyasuwa, da yake shekara ɗaya take yi, sai ta kwashe abin da ta tara ta zuba a iri, irin ya kaɗe ya bi iska. Gamba kuwa mai daɗewa ce, sai ta mayar da nata ƙasa, cikin saiwa da gindi, ta ajiye don tohon baɗi. Abin da ya rage a sama kwarangwal ne. Hunturu ya zo ya kakkaɓe sauran ganyen, gara ta ci na ƙasa, rana ta ƙone launin kore. Zuwa Fabrairu da Maris furotin ɗin ciyawar da ke tsaye yakan sauka zuwa kashi 2 ko 3. Karan masara da na dawa ma ba su fi haka da yawa ba, musamman idan an bar su a rana karmamin ya zube.

Abin da ya sa wannan ya zama babbar matsala shi ne, saniya ba ita ke narkar da ciyawa da kanta ba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke farfasa ciyawar, ita kuma ta rayu da abin da suka fitar. Waɗannan halittu suna bukatar abincin ya kai kimanin kashi 7 na furotin kafin su yi aiki yadda ya kamata. Idan ya gaza haka sai su ragu, abinci ya daɗe a tumbi bai wuce ba, saniya ta ji cikinta a cike ta rage ci. Ga abincin ba kyau, ga shi kuma ba ta cin da yawa. Wannan ne cikin tulun da Kawu ke gani yana cewa ai sun ƙoshi.

Na yi masa lissafin a bayan ambulan. Saniya mai kilo 300 tana bukatar kusan giram 400 na furotin a rana don ta tsaya yadda take, ba ciki ba tatsa. A irin wannan busasshiyar gamba da wuya ta ci fiye da kilo 5. Kilo 5 a kashi 3 giram 150 ke nan. Sauran daga ina zai fito? Daga naman jikinta. Mai ciki kuma ko mai shayarwa, bashin ya ninka.

Gurgurar ƙashi da lasar ƙasa alama ce ta ƙarancin gishiri da fosfaros, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, don ƙasarmu ta tudu ba ta da wadatar fosfaros, busasshiyar ciyawa kuma ta fi rashi. Karon da maruƙa ke yi da magariba dundumi ne. Bitamin A daga koren ganye dabba ke samunsa, hanta na ajiye na 'yan watanni, idan ya ƙare ido ne ke fara nunawa.

Duk wannan ba sabon ilmi ba ne, kuma a ƙofar gidanmu aka tattara yawancinsa. Tun 1928 aka buɗe gonar dabbobi a Shika, wadda a 1976 ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, NAPRI, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A shekarun 1980 kuma masu binciken ILCA, cibiyar binciken dabbobi ta Afirka, sun yi aiki da Fulanin Kurmin Biri da makiyayar Kachiya kan abin da suka kira bankin abincin dabbobi: a kewaye kamar kadada huɗu, a shuka sitailo, wata ciyawa dangin wake da ke riƙe furotin ɗinta har cikin rani, a riƙa sakin masu ciki da masu shayarwa su ci na awa biyu ko uku a rana. Ina zaton a nan Kawu ya tsinci kalmar banki. Ya ɗauki sunan da shingen, ya bar abin da ake ajiyewa a ciki. Mutumin da ke bin hanyar Funtuwa yana wuce ƙofar Shika, amma a shagon magani yake neman shawara. Wannan laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, mu da aka koya wa muna da kaso.

Abin da muka yi a wannan ranin

Magana mafi wuya ita ce ta farko. Na ce, "Kawu, Baffa bai ci maka ko ƙwandala ba. Harawar da ka sayar ita ce maganin da kake nema." Ya yi shiru. Can ya ce, "To ɗana, yanzu ya za a yi?" Harawar wake da ta gyaɗa, idan ganyen bai zube ba, furotin ɗinta kan kai kashi 12 zuwa sama. Damin da ya sayar a Disamba, a Maris kuɗinsa ya kusa ninkawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu ranar tafiyar muka fafe.

Kuɗin ciyar da kai ashirin da uku babu, don haka muka ware. Shanu bakwai masu ciki ko masu shayarwa, da maruƙa, su ne a gaba. Bijimai uku da wata tsohuwar saniya da ta shekara biyu ba ta haihu ba aka kai kasuwa. Kawu ya so ya riƙe su har farashi ya gyaru, na ce kowane sati suna zubar da nama, farashin nasu ƙasa yake yi. An sayar da su da arha, wannan gaskiya ne, kuma har yau yana yi mini gori.

Da kuɗin aka sayo ƙuli-ƙulin angurya, da dusar masara, da harawa 'yar kaɗan, da dutsen lasa mai fosfaros, ban da kanwa da gishirin da Baffa ya saba bayarwa. Ƙuli-ƙulin angurya ya danganta da yadda aka sarrafa shi, mai ɓawo yakan kama daga kashi 20 da 'yan kai, wanda aka ɓare ya kusa 40. Kowace cikin bakwai ɗin tana samun kimanin kilo ɗaya da safe, an fara da rabi na kwana biyar don tumbi ya saba. Ƙananan maruƙa ba mu ba su ba, saboda angurya na da wani guba da tumbin da bai ƙosa ba ba ya iya kashewa. Su harawa da dusa suka samu.

Abin da ya ba Kawu mamaki shi ne, bayan kwana goma shanun da ake ba ƙuli-ƙuli sun fi sauran cin busasshiyar gambar. Ya ɗauka za su raina ta. Halittun tumbi ne suka samu abin da suke nema, suka koma aiki, abinci ya fara wucewa, ci ya buɗe. Wato bankin nasa bai zama banza ba, mahaɗi ne ya rasa. Kashinsu ya yi laushi, tuƙa ta dawo da daddare.

Baffa kuma ya koma ga abin da ya gada. 'Ya'yansa suka riƙa hawa kawo da maɗaci da madobiya suna sassabo ganye, su tsinto 'ya'yan kalgo. Itatuwan nan saiwarsu na kai wa ruwa, suna fid da sabon ganye a tsakiyar zafi, kuma ganyen na da furotin da koren da ke maganin dundumi. Sai dai sun yi ƙaranci. Masu gawayi da masu katako sun riga mu, madobiya ma sai an yi tafiya kafin a ga guda.

Mun gwada jiƙa kara da takin yuriya, kuma a nan muka yi asara da hannunmu. Ƙa'idar ita ce kilo 4 na yuriya a narka a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na yankakken kara, a danne a rami, a rufe da leda ba iska na sati uku, sannan a buɗe ya sha iska kafin a bayar. Yana tausasa karan, yana ƙara masa amfani sosai. Ranar da muke haɗawa aka bar sauran ruwan a bokiti a gindin bishiya, wata akuyar matar Baffa ta sha. Kafin awa ɗaya ta kumbura, tana rawar jiki, aka yanka. Ni na kawo dabarar, ni kuma ban ja kunne yadda ya kamata ba, don haka ni na biya. Tun daga nan Baffa bai ƙara yarda da ramin ba, ko da yake shanun sun cinye abin da ya fito daga ciki tas.

Ruwan farko ya sauka a ƙarshen Afrilu, sannan ya ɗauke na kusan sati biyu. Wanda bai san kiwo ba zai ce an tsira. Makiyayi ya san nan ne wuyar take, lokacin da Fulani ke kira seeto. Tsohuwar ciyawa ta jiƙe ta fara ruɓa, shanu sun ƙi ta. Sabon tsiro ya leƙo, ɗan ƙanƙani, fiye da kashi 80 nasa ruwa ne. Dabba ta wuni tana bin kore tana tsinka, ƙarfin da ta ƙona a yawo ya fi abin da ta samu, ga zawo. A wannan tsakanin wata saniya mai tsohon ciki, wadda tun zuwana na farko na ga ta fi kowa lalacewa, ta kwanta. Kwana uku ana ɗaga ta da itace da igiya safe da yamma, ta tsaya ta sake zubewa. Ran na huɗu aka kira mahauci. Sauran shida sun kai damina a tsaye.

Shekarar da ta biyo

Wannan karon tun Yuni aka fara shirin rani. Harawa ko dami ɗaya ba a sayar ba. An ɗaure ta da sauran ɗanyenta kafin ganye ya kaɗe, aka ɗora a rumfa mai rufi maimakon kan bishiya inda rana ke cinye ta. Karan masara aka kwashe da wuri da karmaminsa, aka jingine a inuwa. Bayan an yi wa masara noman farko aka shuka lablab, wani dangin wake mai yaɗo, a tsakanin kunya, ya yi yabanya mai kyau har bayan an cire masarar.

Bankin muka raba biyu. Rabi shanu suka ci a damina. Rabi muka yanka a yi ingirici kafin gamba ta fid da kai. Nan ma akwai cikas da littafi ba ya faɗa da ƙarfi: lokacin da ciyawa ta fi kyau, lokacin ne ruwa bai ɗauke ba. Yankan farko a farkon Satumba ruwa ya doke shi kwana biyu a jere, ya yi baƙi ya yi fumfuna, muka zubar. Na biyu, wajen ƙarshen wata, ya samu rana uku masu kyau ya bushe da korensa. Bai kai na farko daraja ba da a ce ya tsira, amma tsakaninsa da wadda ta tsaya har Maris akwai nisa. Ga kuma kuɗin 'yan ƙwadago, domin a daidai lokacin kowa na gonarsa. A ganina wannan ne ainihin dalilin da ya sa ingirici bai yaɗu a ƙauyukanmu ba, ba rashin sani kaɗai ba.

Sitailo da na samo iri na watsa a wani ɓangare bai yi abin kirki ba. Gamba ta rufe shi, don ba mu sa shanu sun rage ta a farkon damina yadda ake so ba. Sai 'yan tsiraru a bakin shinge.

A ranin da ya biyo shanun sun rame, kamar yadda kowace saniya ke ramewa a ƙasar nan, amma ba wadda ta kwanta, ba kuma maraƙin da ya yi dundumi. Matar Baffa ta ci gaba da samun abin kai wa kasuwa har cikin Maris, abin da ya gagara a wancan ranin. Ƙuli-ƙulin da aka saya bai kai rabin na wancan karon ba.

Sai dai bashin wancan ranin bai gama biyuwa ba. Saniyar da ta zube sosai ba ta neman bijimi sai ta mayar da jikinta, wannan kuma kan ci mata damina guda. Ciki wata tara ne. Shi ya sa a garkunan gargajiya ake ganin saniya na haihuwa sau ɗaya a shekara biyu, ana ɗauka halinta ne. Cikin shidan da suka tsira, biyu kacal suka haihu a shekarar da ta biyo. Kawu ya sake kirana yana tambaya ko bijimin ne ba shi da kirki, ko a sayo wani. Na ce ya bari tukuna. Da na je a watan jiya Baffa ya zagaya da ni yana dafa su ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini huɗu da ya ce sun ɗauka, ciki har da karsanar nan mai gurgurar ƙashi. Kawu na tsaye a bakin rumfa yana ƙirga damman harawa, yana tambayar Baffa ko za su kai Afrilu. Baffa ya ce idan an fara bayarwa a Janairu ba za su kai ba, a bari sai tsakiyar Fabrairu, kafin nan akwai lablab. Kawu ya ce to, a yi yadda ya ce.